Duwatsun Inna Halima

A watan Rajab ɗin nan da muke ciki, shekara goma ke nan da muka ɗauko Inna Halima daga gidanta na unguwar Ƙurban, aka yi mata salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, muka kai ta Baƙi'a. A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari, dutse kawai ake ajiyewa. Da na koma ziyara bayan 'yan watanni, sai na kasa gane wanne ne nata a cikin na maƙwabtanta. Na tsaya na yi wa layin gaba ɗaya addu'a. Ina fitowa na ga ashe abin ya dace da ita, domin yawancin rayuwarta a Madina ta ƙare ne wajen ƙoƙarin kada a iya nuna mutum da yatsa a cikin jama'a.

Matar yayan mahaifina ce, marigayi Baffa Isa. Masu karanta wannan shafi a Kano ko Damagaram ba su san ta ba, kuma babu dalilin da zai sa su san ta, don ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ni kuwa aikina karanta labarai ne da Hausa a gidan rediyo a Jidda, aikin da ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Saboda haka zan bambanta abin da na gani da idona da abin da na ji daga bakinta.

A shekarun da arzikin mai ya fara shigowa ƙasar nan, mutanenmu da yawa sun samu buɗi, amma akwai waɗanda ci gaban ya ture. Sana'ar dattawan unguwarmu ita ce garuwa. Mutum ya rataya garwa biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya hau benayen mutanen gari yana cika musu randuna, kowa da gidajen da ya gada ko ya saba da su. Mahaifina da wannan sana'a ya rene mu. Da aka ja famfo gida-gida, sana'ar ta mutu a cikin ɗan lokaci. Matasa suka koma tuƙi da gadi da aikin gini. Dattawan da kafaɗarsu ta riga ta karkace kuwa babu mai ɗaukarsu. Ina iya tuna mahaifina yana sa farar riga wankakkiya da safe, ya fita kamar mai zuwa aiki, ya je ya zauna a masallacin Ƙuba har azahar, don kawai kada a ce an gan shi a gida. Ga kuma 'yan'uwanmu da suka zo daga Sudan da Chadi, waɗanda da yawansu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ba su isa su tunkari wani ofishi da buƙata ba. Yunwa ta shiga gidaje, amma ta shiga gidajen mutanen da suka gwammace su kwana da ita da a ji.

A wannan hali Inna Halima ta buɗe ɗakinta. Ƙaramin ɗaki ne a kusurwar tsakar gidanta, da ajiyar gawayi ake yi a ciki, ba taga, sai labule mai kauri a ƙofa. Kowace Alhamis bayan la'asar matan unguwa sukan taru a gidan, kowace da langa a rufe a kanta. Sai su riƙa shiga ɗakin ɗaya bayan ɗaya, wata ba ta shiga sai wata ta fito. A ciki akwai gwangwanaye na shinkafa da ƙananan waken nan da ake kira adas da gari da sukari da ganyen shayi, wani lokaci da dabino da man girki. Mai abin bayarwa ta juye nata, mai buƙata ta ɗiba. Kowa ta shiga da langa a rufe, ta fito da ita a rufe.

Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne dutse. Langar da babu komai a ciki ba ta ɓoyuwa, daga wuyan mace da tafiyarta za a gane. Don haka a gefen ɗakin akwai tsibin baƙaƙen duwatsun nan na Madina, waɗanda da su aka gina rabin gidajen unguwar, kowanne an naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara a cikin kwano. Wadda ta zo ɗiba takan taho da dutse daga gida, ta ajiye shi a tsibin, ta cika langarta da abinci. Wadda ta kawo abinci takan ɗauki dutse ta koma da shi. Mai kallo daga bakin hanya zai ga mata sun shiga da kaya sun fito da kaya, iyakar abin da zai gani ke nan.

Tana da dokoki kaɗan, amma ba ta sassauta su ga kowa. Ba a aiko yaro ko 'yar aiki, uwar gida da kanta za ta zo. Ba a taya mace sauke langa ko ɗora ta, komai tsufanta. Ita kanta Innar takan zauna ne ta juya wa ƙofar ɗakin baya, tana zuba wa mata shayi da na'ana'a, ana hirar aure da suna da waɗanda suka zo aikin hajji daga gida. Ba ta leƙa ɗakin sai kowa ya watse. Ta taɓa gaya mini cewa daga tsibin duwatsun take sanin halin da unguwa take ciki: idan ya ƙaru an shiga matsi, idan ya ragu an samu sauƙi. Ta san yawan masu buƙata, ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya kusa kashe ɗakin alheri ne, kuma daga mutumin kirki ya fito. Alhaji Umaru haifaffen Madina ne, ɗan kwangilar gine-gine, wanda Allah ya buɗa wa a waɗannan shekaru. Matarsa Hajja Safiya tana cikin masu zuwa tun farko. Da ya ji labarin ɗakin, sai ya ga bai kamata yana da hali mata su riƙa wahala da mudu-mudu ba. Wata safiya ya aiko direbansa da wanet, wato ƙaramar a-kori-kura, cike da buhunan shinkafa da sukari da katan-katan na mai. Aka sauke a ƙofar gida kowa yana gani, aka cika ɗakin har rufi. Mutane suka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta.

Hajja Safiya ta ga tunda mijinta ya yi mai gaba ɗaya, babu dalilin da za ta fita cikin zafi da langa. Sauran matan masu hali su ma suka ga ɗaki ya cika, me mudunsu zai ƙara? Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Cikin 'yan makonni duk macen da aka gani ta nufi gidan Inna Halima ranar Alhamis an san abin da ya kai ta. Mai baƙala, wato kantin kayan masarufi na bakin lungu, wanda ba shi da mugun nufi, har ya fara ce wa wata ya yafe mata ɗan abin da ta saya. Daga nan masu buƙatar su ma suka ɗauke ƙafa.

A daidai lokacin na zo hutu daga Jidda, ban daɗe da fara aiki ba. Ranar Alhamis na ga langar mahaifiyata a kife a kan kabad, na tambaye ta ko ba za ta je gidan Inna ba, ta ce kanta yake ciwo. Na lura kuma abincin daren gidanmu ya koma gurasa da shayi, aka ce mini mahaifina ne ba ya son abu mai nauyi da dare. Washegari Inna ta aiko in zo. Baffa Isa ya riga ya rasu, 'ya'yanta maza suna aiki a wani gari, tana son namiji ya raka ta wani wuri. Kafin mu fita ta ɗaga labulen ɗakin ta nuna mini. Buhuna na nan yadda aka jera su, ƙwari sun fara bin na ƙasa. Tsibin duwatsu bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ta ce da ni, “Kai mai karanta labarai, a ganinka yunwa ta ƙare a Ƙurban?”

Alhaji Umaru ya karɓe mu a majalisinsa, wato ɗakin baƙinsa, da gahawa da dabino. Ita ta goya shi yana jariri, don haka sunansa take kira kai tsaye, shi kuma yakan haɗa Hausa da Larabci yadda haifaffun nan suke yi. Bayan an gaisa ta ce, “Umaru, shinkafarka ta kore mini mutane.”

Ya yi dariya. “Ya Hajja, ko ba ta da kyau ne? Wallahi mai tsadar na sa aka ɗauko.”

“Shinkafa lafiyarta ƙalau. Safiya nake so ka dawo mini da ita.”

Ta yi masa bayani dalla-dalla, cewa zuwan matarsa da irinta shi ne mayafin da sauran suke shiga ciki, kuma buhu ba ya tafiya da ƙafa balle a gan shi a hanya tare da matar mai garuwa. Ta ce ya kwashe kayan ya mai da su gidansa, Safiya ta riƙa kawowa a langa kowace Alhamis. Ya ce a haka ai sai an shekara ba a gama kawowa ba. Ta ce to madalla, shekara guda ke nan Safiya tana zuwa. Shi dai abin bai shige shi ba. Ya ce, “Yanzu so kike matata ta fita da rana, ta dawo mini da dutse a ka? Dutsen da nake biyan lebura su kwashe mini daga fili?” Ya ƙara da cewa talauci ba abin kunya ba ne, wanda yake da buƙata ya zo ya ɗauka, Allah ya gani. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, gaskiya ma akwai masu cewa wannan batu na duwatsu yana kama da camfi. Idan a wani littafi ta gan shi, ko wani malami ya koya mata, ta faɗa, shi zai bi.

Tana iya cewa dabararta ce, kuma da ya yarda. Shekara da shekaru kowa a Madina ya san ta a matsayin mutuniyar ƙasar Katsina da ta zo ta ƙasa tare da mijinta, suka yi noman auduga a Sudan kafin su tsallako. Ko ni iyakar abin da na sani ke nan. Ta kuma san Hajja Safiya da matan gidan suna bayan labule suna ji, ta san abin da aka faɗa a nan zai kwana a kowane gida na unguwa. Ta ajiye finjalin gahawa ta ce, “Ba a littafi na gani ba. A wurin bikin Maguzawa na koya, don ni 'yarsu ce. Sunan da ubana ya raɗa mini Tanoma.”

Daga nan abin da zan faɗa daga bakinta ne, kuma ban ce haka duk Maguzawa suke yi ba, na ƙauyensu kawai ta ba da labari. Ta ce idan kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, duk ƙauyukan danginsu sukan taru a gidan sarkin noma. A dafa giya, a yanka akuya a gindin tsamiya don iskokin da suke bauta wa, a kwana biyu ana kiɗa da rawa da ci. A gefen filin akan kafa wata bukka mai ƙaramar ƙofa. Da hantsin rana ta biyu sai a tsai da kiɗa, uwar gidan kowane gida ta ɗauko ƙwarya a rufe da faifai, su jeru, su riƙa shiga ɗaya-ɗaya. Wadda gonarsu ta yi kyau ta shiga da hatsi ta fito da yashi. Wadda ta rasa ta shiga da yashi ta fito da hatsi. Ba a kunyata wanda ya ɗiba, don ba a san shi ba. Gidan da ake kunyatawa shi ne wanda bai aiko kowa ba, makaɗa za su sa shi a waƙa har wata kakar. Saboda haka matar sarkin noma ita take fara shiga, da ƙafarta.

Ta ce shekarar da fara ta sauka a gonar ubanta, tana 'yar budurwa, uwarta tana kwance ba lafiya, ita aka ɗora wa ƙwaryar gidansu. Da hannunta ta cika ta da yashi a bakin rafi. Ta shiga layi tana jin kamar kowa yana ganin cikin ƙwaryar. Sai ga matar sarkin noma ta fito daga bukkar, wadda kowa ya san rumbunansu ba sa ƙirguwa, tana nishi tana dafe wuya, tana ce wa mata su ba ta hanya kayan sun yi mata nauyi. Aka yi dariya. Ita ma ta yi dariya, ta shiga. Da hatsin nan suka kai damina.

Ta dubi Alhaji ta ce, “Kai ka ce talauci ba abin kunya ba ne, kuma gaskiyarka. Amma ba ka taɓa ɗaukar yashi a ka ba, Umaru. Ni na ɗauka. Tsafinsu da giyarsu na bar musu tun ranar da na yi shahada, ban kuma taɓa waiwaye ba. Ƙwaryar ce kawai na taho da ita.”

Alhaji Umaru bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce ɗayyib, wato to, zai duba. Ya sa direba ya mai da mu gida.

Maganar ta bazu kamar yadda ta zata, kuma ta biya farashinta. Wasu matan da suka shekara suna shan shayinta suka ce ashe al'adar arna aka sa su yi a birnin Manzo, suka watsar da duwatsun da ke gidajensu, biyu daga cikinsu har ta rasu ba su sake taka gidanta ba. Akwai gidan da suka fara neman jikarta da aure, maganar ta yi nisa, sai aka ji shiru, kuma kowa ya san dalili. Yarinyar ta yi kuka sosai, ta daɗe ba ta yi wa kakarta magana da sakin fuska ba. Inna ba ta kare kanta a wurin kowa ba. Idan aka kawo mata tsegumi sai ta ce ba ƙarya aka yi mata ba.

Limamin masallacin unguwa, Malam Idrisu, ya zo da kansa, don mutane sun kai masa ƙara kuma haƙƙinsa ne ya bincika. Ina nan ya zo. Ya shiga ɗakin ya duba, ya kwance tsumman dutse ɗaya ya juya shi a hannunsa. Ya tambaye ta ko ana yanka wani abu, ko ana zuba wani abu a ƙasa, ko ana kiran wani suna a bakin ƙofa. Ta ce babu abin da ake faɗa sai bisimilla. Ya tambaya ko akwai mai ganin dutsen yana kawo albarka ko yana kore sharri. Ta ce dutse dai nauyi ne da shi, aikinsa ke nan. Malam ya ce to shi bai ga komai a nan ba sai sadakar ɓoye, wadda addininmu ya riga ya yaba, kuma hanya mai kyau ba ta ɓaci don wanda ba Musulmi ba ya fara bin ta. Ya dai ba da shawarar a daina kiran abin da sunan biki ko da wasa, ta ce dama ba ta taɓa kiran sa haka ba.

Alhamis ta gaba ina tsaye a baƙalar bakin lungu, don ina so in gani. Wanet ɗin Alhaji Umaru ta riga ta zo da safe ta kwashe buhunan, mutane suna ta cewa ya yi fushi ya janye kyautarsa. Bayan la'asar sai ga matar Malam Idrisu da langa. Ba a jima ba sai ga motar Alhaji ta tsaya nesa, a bakin titi, Hajja Safiya ta fito ta ɗora langa a ka, ta tako lungun da ƙafa tun daga farkonsa har gidan Inna, tana gaisawa da mutane a hankali kamar mai son a gan ta. An gaya mini da ta fito daga ɗakin sai da ta dafe wuya ta ce a ba ta hanya, mata suka kwashe da dariya. Ban ga wannan ba, maza ba sa shiga. Abin da na gani shi ne, da na koma gida babu langa a kan kabad, mahaifiyata kuma ba ta nan.

Ɗakin bai cika a ranar ba, sai da aka yi makonni kafin mata su dawo sosai. Shinkafar Alhaji ta ƙare a langa kamar yadda Inna ta ce, kuma Hajja Safiya ba ta daina zuwa ba bayan ta ƙare. Shi kuma ya sa aka jera duwatsun da take kawowa a bakin ƙofar majalisinsa, idan baƙo ya tambaya sai ya ce ribar kwangilar matarsa ce. Jikar nan ta Inna ta auri wani daga baya, tana Bani Harisa da 'ya'yanta, babbar 'yarta sunanta Halima.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da Madinar yau. Tsofaffin lungunan da ke kewaye da Harami ana ta rushe su don faɗaɗa masallaci, mutanenmu sun watsu, wasu Al-Ranuna, wasu Bani Harisa, a benaye inda maƙwabci bai san abin da maƙwabcinsa ya dafa ba. Yanzu akwai ƙungiyoyin agaji masu ofis da ma'aikata, kuma gaskiya suna kai wa ga mutanen da ɗakin gawayi ba zai taɓa kai wa gare su ba. Ba na jin za ta raina su, don ba ta taɓa raina abincin da ya shiga cikin mai yunwa ba. Amma na san idan ta ga layin mata a bakin taga suna jira a kira sunansu, za ta tambaya su wane ne suke tsaye a layin tare da su. Ni kaina sau da yawa nakan karanta a rediyo cewa wane ya ba da kaza a wurin taron neman gudummawa, in faɗi sunansa da sarautarsa, in kuma ga hotonsa a jarida yana miƙa wa wata tsohuwa katan, fuskarta a fili. Ina karantawa yadda aka rubuta, aikina ne. Sai dai duk lokacin nakan ji kamar tana zaune a bayana ta juya wa ƙofa baya.

Game da danginta kuwa, ba ta koma ba, ba ta kuma san abin da ya samu ƙauyen ba. Tana yi musu addu'ar shiriya a sujadarta, na sha ji. Amma bayan ranar nan a gidan Alhaji, ba ta ƙara yin shiru ba idan aka ambaci arna da wulaƙanci a gabanta. Takan ce ita ba za ta yi shaidar zur a birnin Manzo ba, mutanen nan sun ciyar da ita ba su sa ta sunkuyar da kai ba. Na yi hira da malamai da ministoci a wurin aikina, ban ga wanda ya fi ta iya raba abin da ya bari da abin da ya riƙe ba.

Ɗakin yana nan, a hannun 'yarta Yaya Ruƙayya. Masu zuwa sun ragu, da yawa a mota ake kawo su, langa ta koma kula mai murfi. 'Yan matan da aka haifa a nan suna jin Hausa su amsa da Larabci, suna kiran Alhamis ranar hajar, wato ranar dutse. Yawancinsu ba su san inda abin ya samo asali ba, amma duk wadda ta tambaya Yaya Ruƙayya takan gaya mata gaskiya, har da sunan Tanoma. Ban san ko zai kai wasu shekaru goman ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ban sani ba.

Mahaifina ya rasu ba a taɓa jin an ce ya nemi taimakon kowa ba, kuma babu wanda ya taɓa kallonsa da wannan ido a masallacin Ƙuba. Mahaifiyata tana raye, ta tsufa, har yanzu ba ta fashin Alhamis. A bayan ƙofar ɗakinta yanzu akwai tsibin duwatsu a naɗe da tsumma, ta hana a zubar. A zuwana na ƙarshe, da na gaya mata zan yi wannan rubutu, na tambaye ta abin da na daɗe ina so in tambaya. Na ce, “Umma, shekarar nan da aka kawo buhuna, kaiwa kike yi ko ɗebowa?”

Ta dube ni ta ce, “Ka taɓa buɗe langata?”

Na ce a'a.

Ta ce, “To.” Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ina da zato, amma zato ba labari ba ne, kuma ba na karanta shi. Ni ɗan gidan ne, na ci daga tukunyar, ga shi shekara goma bayan Inna Halima ta kwanta a Baƙi'a har yau ban sani ba. Allah ya jiƙanta, ya rufa mata asiri yadda ta rufa mana.